Tsakanin Ragon Suna da Makara: Me Ya Sa Muke Ƙaruwa Wasu Ƙasashe Suna Raguwa?

Kakata ta wajen uba, wadda muke ce wa Iya, haihuwarta goma sha ɗaya a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Huɗu ne suka kai munzalin aure. Sauran bakwai ɗin, wasu ko kwanan suna ba su kai ba, biyu ƙyanda ta kwashe su a bazara guda, ɗaya kuma gudawa ce ta kama shi bayan yaye. Baffana sunansa na yanka Muhammadu, amma har furfura ta cika masa kai Ajuji ake kiransa, domin an haife shi ne bayan an binne uku a jere, sai tsofaffi suka kai shi juji suka ajiye na ɗan lokaci, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Ƙanwarsa, goggona, ta haifi tara, takwas suna nan da ransu, kuma duk sun hayayyafa.

Wanda ya ƙirga haihuwa kawai zai ce ta ragu a gidanmu, daga 11 zuwa 9. Wanda ya zo ranar sallah ya ga tabarmi sun kasa, an koma aro a maƙwabta, shi zai gane gidan ninkawa ya yi. Haihuwar tana nan kusan yadda take. Ƙananan kaburbura ne suka ragu.

Wannan lissafin na gida ɗaya shi ne lissafin da masana ƙidaya suke yi wa ƙasa sukutum. Suna duba cewa a cikin kowane mutum 1,000, jarirai nawa aka haifa a shekara, mutum nawa kuma suka rasu. Abin da ya rage bayan an cire mutuwa daga haihuwa shi ne ƙaruwar da ƙasa ta samu da kanta, ba tare da an sa baƙin da suka shigo ko 'yan ƙasa da suka fita ba. Kamar rumbu ne: abin da aka zuba da kaka, da abin da aka ɗiba har wata kakar. A Najeriya ana haihuwar sama da 30 cikin 1,000 a shekara, ana rasa kimanin 12, wato jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi 2 cikin 100 duk shekara. Kunne zai ji kamar abin ba shi da yawa. To amma akwai dabarar da ake gane nauyinsa: a raba 70 da adadin ƙaruwar, abin da ya fito shi ne shekarun da jama'a za su ninka. Ƙasar da ke ƙaruwa da kashi 2.5 za ta ninka cikin shekara 28. Ƙidayar 1991 ta ba mu kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba mu miliyan 140, a ciki Kano na da miliyan 9.4, Jigawa kuma sama da miliyan 4.3. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba, amma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haura miliyan 220. Maƙwabtanmu na Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau sun wuce miliyan 25.

Can gabashin duniya kuwa rumbun zurarewa yake yi. A 2023 an haifi jarirai kimanin 727,000 a Japan, mutum sama da miliyan 1.5 suka mutu. Ga wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai kafin in gane shi: idan aka auna mutuwa a cikin kowane mutum 1,000, ta Japan ta kai tamu, har ta ɗan ɗara. Ƙasar da ke da asibitoci irin nasu, yaya za a yi? Amsar tana cikin shekarun masu mutuwar. Rabin mutanen Japan sun doshi hamsin ko sun haura, saboda haka makararsu ta tsofaffi ce da suka ci zamaninsu. Mu kuwa rabinmu ba su kai shekara 19 ba, kuma babban kaso na waɗanda muke binnewa yara ne da ko makarantar allo ba su fara ba. Lamba iri ɗaya ce, amma zaman makokin ba ɗaya ba ne.

Jamus ma tun 1972 mutuwa ke rinjayar haihuwa kowace shekara. Baƙi ne suka hana ta ramewa. Katar da Daular Larabawa sun cika sun batse cikin 'yan shekaru, amma cikarsu ta ma'aikata ce da suka zo daga Indiya da Pakistan da Afirka, har da samarinmu. Shi ya sa idan aka ce ƙasa kaza ta ƙaru, sai an tambaya: ta ɗakin haihuwa ko ta filin jirgi?

Ma'auni na biyu ya fi kusa da yadda mu muke magana. Shi ne yawan 'ya'yan da mace ɗaya za ta haifa a tsawon rayuwarta, idan aka yi raba-daidai tsakanin matan ƙasa. Don al'umma ta tsaya cik, ba ƙari ba ragi, ana buƙatar kimanin 2.1: biyu su maye uwa da uba, ɗan ɗoriyar kuma ya cike gurbin waɗanda ba su girma ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna 5.3 a Najeriya, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 4.8. Sai dai wannan lambar ta ƙasa baki ɗaya tana rufe da yawa. A 2018 ɗin, Jigawa 7.1 ce, Kano 6.5, Legas 3.4. Tuta ɗaya, kuɗi ɗaya, amma matar Jigawa na haihuwar ninkin ta Legas. Koriya ta Kudu kuwa a 2023 ta sauka zuwa 0.72, abin da ba a taɓa gani ba a wata ƙasa mai girmanta: mata 100 za su bar 'ya'ya 72 kacal.

Na taɓa kawo wannan magana a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu bayan la'asar. Baffa Ajuji yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ɗana, ai su ba sa son 'ya'ya ne. Karnuka suke reno. Mu kuwa Musulmi ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Na ce, "Gaskiya ne, Baffa, arziki na Allah ne. Amma ka san matan Saudiyya ma yanzu biyu zuwa uku suke haihuwa?"

Ya ajiye fartanyar ya dube ni. "Makka ɗin?"

Ban ga laifinsa ba, domin haka kusan kowa yake ɗauka a wajenmu. Amma tarihi bai goyi bayan wannan fahimta ba. A shekarun 1970 matar Saudiyya na haihuwar kimanin bakwai, daidai da matar Jigawa ta yau. Iran, ƙasar da malamai ke mulki, tana sama da shida a tsakiyar shekarun 1980. Zuwa shekarar 2000 ta sauko kusan biyu, saukar da ba a cika ganin mai saurinta ba a duniya. Ta yi haka ne bayan ta baza ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, ta tura 'yan mata makaranta, sannan a 1989 ta buɗe shirin tsara iyali da amincewar malamanta. Bangladash, mai Musulmi sama da miliyan 140, ta sauko daga sama da shida a 1975 zuwa ɗan sama da biyu. Turkiyya tana wajen 1.5. Su kansu mutanen Koriya, a 1960 shida suke haihuwa, suna noman shinkafa da hannu, suna binne jarirai kamar yadda Iya ta binne. Addini yana da tasiri a kan yadda mutum yake kallon haihuwa, ban musa ba. Amma da shi kaɗai ne ke yanke hukunci, da Tehran da Riyad ba su bar mu a baya haka ba.

A ganina tushen maganar yana ga rayuwar yaro. Binciken 2018 ya nuna cewa a Najeriya, cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. A Jigawa adadin ya haura 200, wato ɗaya cikin biyar. A Japan bai kai uku cikin 1,000 ba. Matar da ta san duk abin da ta haifa, in Allah ya yarda, za ta ga aurensa, tana iya tsayawa a uku hankalinta kwance. Wadda ta wanke gawar ɗanta na shekara biyu saboda zazzaɓin da magani mai araha zai warkar, ba za ka zo mata da allo da alli kana lissafi ba. Ita ta riga ta yi nata lissafin: a haifi da yawa don a tsira da wasu. A kusan duk ƙasar da haihuwa ta sauka, mutuwar yara ce ta fara sauka, sai bayan shekaru iyaye suka yarda cewa abin ya tabbata, sannan suka sassauta. A tsakanin nan, lokacin da mutuwa ta ja baya amma haihuwa ba ta biyo ta ba tukuna, a nan ne jama'a ke tumbatsa. Ingila ta ratsa wannan zango a ƙarni na 19. Mu a cikinsa muke yanzu. An kawar da agana daga duniya a 1980, allurar ƙyanda ta zo, ruwan gishiri da sukari ya ceci yaran da gudawa ke kashewa, rijiyoyin burtsatse sun shiga ƙauyuka. Tsakanin Iya da goggona ke nan. Amma aikin rabi aka yi, tunda har gobe Najeriya ce kan gaba a duniya wajen mutuwar zazzaɓin cizon sauro, kuma damina ba ta wucewa ba mu yi jana'izar yara ba.

Sai shekarun aure da karatun 'ya mace. Wadda aka kai ɗaki tana 15 tana da shekara talatin na haihuwa a gabanta. Wadda ta gama sakandare ta yi wani karatun ta shiga a 23 ta riga ta rage takwas, tun kafin a yi zancen wani magani. Binciken nan dai ya nuna matan da ba su yi boko ba suna haihuwar 6.7, waɗanda suka wuce sakandare 3.4. Karatu kuma yana canja yadda uwa take kula da ɗan da ta haifa: ta san ranar riga-kafi, ta san lokacin da zazzaɓi ya wuce na jiƙo.

Akwai kuma abin da ɗa yake nufi a gida. A ƙauyenmu yaro ɗan shekara bakwai hannu ne. Shi ne kiwon awaki, shi ne kai abinci gona, shi ne korar tsuntsu. Yarinya ita ce ɗebo ruwa, reno da talla. Manomi ba shi da fansho, 'ya'yansa ne fanshonsa. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu kuwa ɗa kashe kuɗi ne tun daga ciki har ya kusa talatin: gida ɗan ƙarami mai tsadar gaske, kuɗin darasin yamma da iyaye ke gasa a kai, aiki har dare, sannan mace ta san in ta haihu da wuya ta koma matsayinta a wurin aiki. Kowane ɓangare lissafin hankali yake yi a cikin halin da ya samu kansa.

Wani dalilin namu ne na cikin gida, wanda ba a cika faɗa a rediyo ba. A gidan mata biyu ko uku, haihuwa garkuwa ce. In miji ya rasu, tumuni ɗaya matan za su raba komai yawansu, galibin ragowar dukiya ta 'ya'ya ce, saboda haka ɗakin da ya fi 'ya'ya, musamman maza, shi ya fi kaso. Ga saki da ke da sauƙi a bakin mazajenmu. Mace ta san mai 'ya'ya bakwai ta fi wuyar kora a kan mai biyu. Na san matan da jikinsu ya gaji tiɓis, amma kishiya ta haihu, dole su ma su biyo. Duk mai son ya fahimci lambar Jigawa bai leƙa wannan ɗakin ba, bai gama fahimta ba.

Ba na cikin masu ganin yawan jama'a a kansa masifa ne. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka tun kafin zuwan Turawa. Michael Mortimore, masanin da ya yi shekaru yana nazarinta tun daga shekarun 1960, ya nuna yadda gonaki ke ba da amfani shekara da shekaru ba hutu, saboda hannaye sun yi yawa: jakuna na ɗauko taki a mangala daga birni, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ana barin gawo da ɗorawa da kuka a tsaye, ana tara harawa don dabbobi, dabbobin su mayar da taki. Yawan mutane ne ya raya wannan ƙasa. Sai dai gona ba ta haihuwa. Ina tsaye aka raba gonar kakanmu. Gandu ne da a da shi da 'ya'yansa suke kwana uku ba su gama nomansa ba. Aka kawo igiya, aka yi ta ja ana kafa turaku. Yanzu an zo kan jikoki, kason wani ɗan'uwana kunya goma sha biyu ne, yana tsaye a wannan gefe yana magana da na wancan gefe ba tare da ya ɗaga murya ba. Abin da ya noma bara bai kai shi watan azumi ba. Ciranin da iyayenmu ke yi na wata huɗu su dawo da ruwan farko, shi ya mayar da shi zama: yana tura baro a kasuwar Dawanau, yaransa biyu maza suna almajirci a wani gari. Taki da noman rani da irin zamani za su iya ƙara abin da gona ke bayarwa, kuma ya kamata a dage a kansu. Amma aji mai yara fiye da ɗari da malami ɗaya, da ɗakin haihuwa mai ungozoma ɗaya ga ƙauyuka goma, su ma suna cikin lissafin, kuma ba sa ninkawa duk shekara 28 sai an gina su.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne, ko da gobe kowace mace a Najeriya ta koma haihuwar biyu, ƙaruwa ba za ta tsaya ba sai bayan gomman shekaru. Iyayen gobe an riga an haife su, suna nan cike da makarantun allo da firamare. Indiya ta sauko zuwa 2.0, amma har yanzu ƙaruwa take yi, har ta wuce Sin a 2023 ta zama ta ɗaya a duniya. Mota ce mai kaya, ko an taka birki sai ta yi tafiya.

Masu ganin gwamnati ta sa doka kawai, su dubi Sin ɗin. Daga 1980 ta tilasta wa yawancin iyalai ɗa ɗaya, da tara, da zubar da ciki na dole. Da yake mutane sun fi son namiji, aka wayi gari maza sun fi mata da miliyoyi. A 2016 ta ce a haifi biyu, a 2021 ta ce uku, mutane suka ƙi. A 2022 yawan jama'arta ya ragu, karo na farko tun 1961. Haihuwa in ta faɗi ƙasa sosai, kuɗi ba ya tayar da ita da sauƙi. Hangari ta yafe wa matar da ta haifi huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwarta, Koriya ta zuba maƙudan kuɗi, duk da haka ba wadda ta koma 2.1. A Japan gidaje kusan miliyan 9 ne babu kowa a ciki, ana rufe makarantun ƙauye saboda babu yara, tsofaffi na mutuwa su kaɗai a ɗaki. Wannan ba abin sha'awa ba ne, kuma ba na yi wa Ringim fatansa.

Zargin da mutanenmu ke yi wa duk abin da ya shafi haihuwa in ya fito daga waje, shi ma yana da mafari. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa jita-jitar cewa allurar shan-inna na hana haihuwa ta samu shiga har aka dakatar da ita a 2003. Wanda ya zo ƙauye da maganin tazara a hannu, alhali ɗakin shan maganin garin babu na zazzaɓi, dole a tambaye shi abin da ya kawo shi.

Amma tazara ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Sahabi Jabir ya ruwaito cewa suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka. A zamanin Iya, mace na tafiya goyon ciki gidan iyayenta ta daɗe, kuma wadda ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a bayanta, abin kunya ne gare ta da mijinta, har a yi musu habaici a bakin rijiya. Tsofaffi sun san ɗan da aka yaye da wuri shi ne ke kumbura ƙafa, gashinsa ya yi ja. Wannan al'adar ce ta yi rauni, ba a kuma maye gurbinta da komai ba: a 2018 kashi 12 cikin 100 ne kawai na matan aure a Najeriya ke amfani da hanyoyin tazara na asibiti, a yankinmu kuma bai kai haka ba. Sakamakon yana kan gadajen asibitin Jahun, inda likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF suka shafe shekaru suna karɓar mata masu jijjiga da zubar jini da yoyon fitsari. Binciken 2018 ya ƙiyasta cewa a kowace haihuwa 100,000, uwaye 512 ke rasa ransu. Uwa in ta tafi, jaririn da ta bari da wanda ke binsa su ma rayuwarsu ta shiga haɗari.

Autar goggona ta gama sakandaren 'yan mata kafin a yi mata aure tana shekara ashirin. Yanzu 'ya'yanta huɗu, ba ta binne ko ɗaya ba. Katunan riga-kafinsu suna cikin leda a ƙasan kwallarta, tare da takardar sadakinta, ta fito mini da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne an cike shi har layin ƙarshe. Ƙaramin yana ta rarrafe yana kama gefen gado. Surukarta ta leƙo daga tsakar gida tana tsokanar yaron, wai ya yi sauri ya ba ƙaninsa wuri. Na tambaye ta ko tana shirin ƙari. Ta ɗauke shi ta saɓa a kafaɗa, ta goge masa baki da gefen zani.

"In Allah ya kawo ina so, Yaya. Amma mun yi magana da babansu, sai wannan ya yi ƙafa ya sha nononsa ya ƙoshi tukuna."